Dariyar Darakta

A duk Unguwar Kanawa babu wanda ya san abin dariya kamar Sharhabil, kuma in kana shakka, je ka tambaye shi, zai tabbatar maka. Ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati da aka ɗora wa kula da al'adu, shekara shida yana kan mataki na tara kamar an kafa shi da ƙusa, amma ba da wannan aka san shi ba. An san shi ne da alƙalancin finafinan barkwanci, muƙamin da ya naɗa kansa ba tare da an yi taro ba. Da an idar da la'asar an baje tabarma a gindin dalbejiyar layinsu, to kada Allah Ya sa wani ya ce jiya ya kalli fim ya sha dariya. Sharhabil zai gyara zama, ya turo hula gaba, ya tambaye shi a daidai wane wuri ya yi dariyar, kuma saboda me. Kafin ya gama da mutum, sai ka ga bawan Allah yana ba da haƙuri a kan dariyar da ya riga ya yi tun jiya.

Yana da wani karatu da kowa a layin ya haddace. Dariya, in ji shi, iri biyu ce, akwai ta haƙori, akwai ta kafaɗa. Ta haƙori ita ce wadda ake yi wa suruki da mai gidan haya da ɗan sandan da ya tsayar da kai a shataletale. Baki ya buɗe, sauti ya fito, amma sauran jiki yana zaune abinsa bai san ana yi ba. Ta kafaɗa kuwa ba ta sallama. Daga ciki take tasowa ta kama kafaɗun mutum ta yi ta girgiza su, ko a gaban wa yake. Duk fim ɗin da bai motsa kafaɗa ba, a wurin Sharhabil ɓarnar cajin waya ne kawai.

Mutanen da ya fi rainawa a duniya kuwa su ne masu buga gem a waya. Ya ce mai kallon barkwanci da ƙwaƙwalwarsa yake aiki, ɗan gem kuwa da babban yatsa, kuma da Allah Ya ba akuya babban yatsa da ita ma ta kai matakin ƙarshe. In ya ga magidanci a cikin keke napep ya duƙufa a kan waya yana latse-latse, har tausayin iyalinsa yake ji.

Katanga ɗaya ce tsakanin gidansa da na Harira, tela mai ɗinkin mata, wadda shagonta yake a zauren gidansu. Maman Ilham ake ce mata a layin, shi kuma Sharhabil Baban Ahmad. Harira tana da wata ɗabi'a. In ɗinki ya yi sauƙi, sai ta ɗaure wayarta da roba a jikin gwangwanin madara, ta ɗora a kan tebur, ta tara matan layin su shirya ɗan wasan barkwanci wayar tana ɗauka. Ba ta sa shi a ko'ina, daga wayar wannan zuwa wayar waccan yake yawo, a gidan suna da gidan biki. Ranar da matarsa Bilkisu ta miƙo masa guda, ya karɓa da yatsu biyu, da fuskar malamin da zai duba jarrabawar daƙiƙin aji. Minti uku bai cika ba shayin da ke hannunsa ya ƙare a gaban rigarsa. A nan dole a yi masa adalci, Sharhabil ya san abu mai kyau in ya gan shi, kuma bai ɓoye ba. Ya ce daga Kawo har bakin gada babu mai kai irin na matar nan.

Wanda bai ga abin burgewa ba shi ne mijinta, Malam Hamisu, Bakatsine mai jan bas tsakanin Kaduna da Katsina. Ba mugu ba ne, amma ya gaji da tsokanar 'yan tasha, waɗanda suka fara tambayarsa ko shi ma za a sa shi a fim. Ya ce wa Harira ta bar shirmen nan ta kama abin da ta iya. Da maganar ta zo kunnen Sharhabil, sai ya same shi yana wanke mota, ya shaida masa cewa ofishinsu zai yi gasar gajerun finafinan barkwanci, gwamnati ce da kanta za ta zauna ta kalla. Shi kuwa Hamisu mutum ne da duk abin da aka buga wa hatimin gwamnati yake sauke masa murya. Ya matse tsumma, ya yi ɗan tunani.

"To shi ke nan, Malam," ya ce. "In gwamnati ta yi dariya, ni wane ne kau da zan hana? Ta ci gaba. In ba ta yi ba, ta aje wayar nan ta kama kekenta, kar in sake jin zancen."

Harira ta yarda da sharaɗin, don ita ma ta gaji da gardama. Abu ɗaya kawai ta aika Bilkisu ta tambayo mata: ba za a yi irin abin nan na wa ka sani ba? Sharhabil ya daki ƙirji ya ce a gaya mata ta kwantar da hankalinta, shi ya tsara komai.

Gaskiya kuwa shi ya tsara. Shekara huɗu yana rubuta takarda a kan gasar nan, fayil ɗin ya zaga ofisoshi har ya yi baƙi da dattin hannu, sai bana da aka rasa abin da za a cike rahoton ƙarshen shekara da shi aka tuna da ita. Aka kafa kwamitin alƙalai bakwai, Darakta shugaba, Sharhabil sakatare kuma ɗan ƙarami a cikinsu. Da yake ya san halin takardar maki, wadda ake iya cikewa tun a gida bayan wani babba ya bugo waya, sai ya kawo tsarin da yake ganin babu mai iya murɗe shi. Babu maki, babu tattaunawar sirri. Alƙalai su zauna su kalla, duk lokacin da alƙali ya yi dariya sakatare ya ja layi ɗaya a gaban sunan fim ɗin, wanda ya fi yawan layi shi ya ci. Ya yi mako uku yana wa majalisarsu ta gindin dalbejiya bayani cewa ana iya sa mutum ya sa hannu, amma ba a iya sa shi dariya. Mutumin da ya yi shekara goma sha huɗu a aikin gwamnati ne ya faɗi wannan maganar da bakinsa.

Aka sa ranar Alhamis, ƙarfe goma na safe. Darakta ya iso daga Unguwar Rimi ƙarfe sha biyu da minti arba'in, kowa ya miƙe yana yi masa sannu da ƙoƙari. Alhaji Datti ke nan, mataki na goma sha shida, mutumin da ake karanta fuskarsa kowace safiya kafin a san irin ranar da za a yi. In ya shigo a murtuke, har masu shara a hankali suke jan tsintsiya. Aka zaunar da shi a tsakiyar dogon tebur mai mayafi har ƙasa, mataimakiyarsa Hajiya Nafisat a damansa, sauran suka jeru kowa daidai matakinsa. Sharhabil ya ja kujerarsa ta hagu, ɗan baya kaɗan, yadda zai ga kowa ya yi ƙirga. Masu finafinai tara da 'yan rakiyarsu suka zauna can baya a kujerun roba. Ya waiwaya ya hango Harira da Bilkisu, ya ɗaga musu biro alamar komai na hannu. Aka tayar da janareta, aka kunna majigi.

Fim na farko ba wani abin kirki ba ne, amma akwai wuri ɗaya da ya cancanci ko da murmushi mai sauti. Sharhabil ya ɗora bakin biro a kan takarda yana jira. Shiru. Da ya ɗago, sai ya ga alƙalai biyar ba allon suke kallo ba. Kowa ya ɗan karkato kai, yana satar kallon Darakta ta wutsiyar ido. Shi kuwa Darakta ya sunkuyar da kai, ya haɗe gira, hannuwansa biyu a ƙarƙashin tebur, kamar mai nazarin wata babbar magana. Tunda Oga bai ga abin dariya ba, wane ne zai nuna ya fi shi gane barkwanci? Kowa ya gyara fuska ya sha mur.

Daga inda Sharhabil yake zaune ne kawai ake iya ganin cinyar Darakta. Ya ɗan leƙa, don ya ga wace takarda ce ta ɗauke hankalin shugaban alƙalai haka. Waya ce. A kan allonta lemo ne da kankana da abarba jere reras, babban yatsan Darakta yana tura su uku-uku suna fashewa. A sama an rubuta mataki na ɗari huɗu da goma sha biyu. Nan take Sharhabil ya gane dalilin da ya sa mako uku ke nan ofis yake cikin zaman makoki, ana ta raɗe-raɗin ko za a yi wa Oga canjin wurin aiki ne. Ashe abarba ce ta tsare shi.

Sharhabil ya yi tunanin ya yi gyaran murya, ko ya matsa ya ce, ranka ya daɗe, an fara fa. Sai ya tuna fayil ɗinsa na ƙarin girma, wanda shekara biyu ke nan yana kwance a ƙasan tarin da ke kan teburin mutumin nan, har ya san launin igiyar da aka ɗaure shi da ita. Ya ce wa kansa bari dai a ɗan ci gaba, ai fim mai kyau da kansa zai ɗago kan mutum. Na biyu ya wuce, na uku, na huɗu. Takardarsa tana nan fara fes, ɗakin kuwa kamar ana zaman ta'aziyya da majigi.

Na biyar shi ne na Harira, minti goma sha ɗaya. Jajiberin salla ne, tela ta karɓi ɗinkin mutum goma sha biyu, uku ta gama. Da ta hango masu kaya sun doso, sai ta ce wa maƙwabciyarta ta ce musu ta tafi Zariya, ta yi wuf ta shige ƙarƙashin tebur ta ja zane ta rufe. Matan suka ce ba komai, za su jira. Suka kewaye teburin suka zauna, suka miƙe ƙafafu har suna taka ta, aka ɓare gyaɗa, aka buɗe faifan telar. Wata ta ce ba ta taɓa ganin maƙaryaciya irinta ba. Telar ta daure. Wata ta ce duk kayan sallar 'yarta da ragowar atamfofinsu ake haɗa su. Ta cije yatsa ta daure. Sai wata ta ce ita ba ma wannan ba, matar ba ta iya hannun riga ba, kullum a karkace yake fitowa. Daga ƙarƙashin tebur murya ta fito, ta rantse da Allah ƙarya ne, kafaɗar mai maganar ce a karkace tun haihuwa. Matan suka dubi juna. Sai babbar cikinsu ta ɗaga zanen a hankali, ta leƙa, ta ce ashe an dawo daga Zariya, ya hanya?

Daidai wannan wurin damar Darakta a gem ɗin ta ƙare, saura abarba ɗaya tak. Ya ja wani dogon tsaki da ya ratsa ɗakin har kujerun baya.

Hajiya Nafisat ta girgiza kai cikin takaici, ta rubuta wani abu a takardarta. Na kusa da ita ya taɓe baki. Wani da dariya ta riga ta kai masa maƙoshi ya haɗiye ta da ƙyar, ya mayar da ita hamma. 'Yan baya da suka fara ƙyalƙyalawa suka ga manya sun ɗaure, su ma suka kama kansu.

Sharhabil ya kalli fim ɗin nan sau goma sha ɗaya a gida, kuma duk sau goma sha ɗayan wurin nan bai taɓa barinsa ba. Yau ma ta taso masa tun daga cibiya. Ya cije cikin kumatunsa, ya danne biro a kan takarda har ya huda ta, kafaɗunsa suna karkarwa kamar tsohon janaretan da ke waje. Shi ma alƙali ne, dokar da ya rubuta da hannunsa ta ce dariyarsa layi ɗaya ce, kuma duk sauran finafinan babu mai ko ɗaya. Ya buɗe baki kawai ya bar ta ta fito, shi ke nan aikin. Ya kalli ƙeyar Darakta. Sai ya mayar da ita tari, ya jawo robar ruwa ya kafa kai, hawaye na zubo masa. Da fim ɗin ya ƙare ya dubi gurbin da ke gaban sunan Harira, ya bar shi yadda yake.

Na bakwai na wani Ɗayyabu ne daga Malali, matashi mai babbar kyamara da ƙaramin tunani. Jarumin ya zana gashin baki da gawayi, ya cusa matashin kai a ciki, ya ja wando har ƙirji, ya faɗa kwata sau uku, kowace faɗuwa da ƙarar usur don kada mai kallo ya manta a nan ake dariya. Irin fim ɗin da Sharhabil yake yankawa a majalisa ba tare da ya ajiye kofin shayinsa ba. A tsakiya akwai wurin da jarumin zai kulle ƙofa ya fita, sai kwaɗon ya ƙi rufuwa. Ba ya cikin wasan, mantawa aka yi ba a yanke ba. Minti biyu cur ana kallon bayan mutum yana kokawa da kwaɗo, har ana jin mai kyamara yana ce masa ya juya hagu.

A cikin minti biyun nan ne abarbar ƙarshe ta fashe. Bayan mako uku, Alhaji Datti ya haye mataki na ɗari huɗu da goma sha biyu. Ya jefa kai baya ya fashe da dariya, ta gaskiya, ta kafaɗa, har da dukan tebur.

Abin da ya biyo baya ya bi tsarin aiki daki-daki. Hajiya Nafisat, mataki na goma sha biyar, ta karɓa tana rufe baki da gefen mayafi. Ta miƙa wa na goma sha huɗu, wanda ya ƙara da tafi. Na goma sha uku ya riƙe ciki. Biyu 'yan goma sha biyu suka yi tasu tare, ɗaya har yana share idon da babu komai a cikinsa. Saura mataki na tara. Darakta, yana cikin dariyar, ya juyo hagu, idonsa ya faɗa cikin na Sharhabil, daga nan ya sauka kan wayar da ke cinyarsa, ya sake dawowa. Ya kife wayar a hankali. Ya gane an gani, Sharhabil ma ya gane ya gane.

Sai masanin barkwancin Unguwar Kanawa ya wage baki ya saki dariyar da ta fi ta kowa ƙara a ɗakin. Haƙoransa talatin da biyu a waje, yana jin kunyar kansa tun kafin sautin ya gama fita. Sannan ya sunkuya ya ja layi bakwai. Da yake ran Oga ya yi fari, ya ajiye wayar yana ta murmushi shi kaɗai, duk murmushin da ya yi sai kwamiti ya raka shi da shewa. Kafin fim ɗin Ɗayyabu ya ƙare ya tara layi talatin da ɗaya. Na takwas da na tara suka zo lokacin da Darakta ya shiga mataki na gaba, suka tashi a tutar babu.

Da aka kunna fitila, alƙalai suka shiga yaba kwaɗo. Wani ya ce yadda jarumin ya riƙe makullin ne ya kashe shi. Wani ya ce shi tun daga kwata ta biyu yake dannewa. Darakta, wanda bai san ma akwai kwaɗo a fim ɗin ba, ya gyaɗa kai kamar mai tabbatar da abin da ya daɗe da sani, sannan ya juyo ya ce bari a ji ta bakin masaninmu.

Sharhabil ya miƙe. Ya ce, ranka ya daɗe, kwaɗon nan ba kwaɗo ba ne kawai, hoton talaka ne da rayuwa, yana juyawa tana ƙi. Ya ce muryar da aka ji tana cewa a juya hagu ita ce muryar al'umma mai ba da shawara daga nesa. Ya ce barin wurin minti biyu ba a yanke ba jarumta ce da sai wanda ya ƙware yake iya yi, kuma sai mai zurfin tunani irin na shugaba ne zai fara gano ta. Abin haushin shi ne maganar ta tsaru. Bai taɓa yin sharhi mai daɗin wannan ba, har Ɗayyabu a baya ya saki baki yana jin abin da bai san ya yi ba. Can da ya zo zama, wani abu ya tsikare shi, ya ƙara da ƙaramar murya cewa na biyar ma dai ba laifi.

"Wanne ne na biyar?" in ji Darakta.

"Wanda ka yi wa tsaki, ranka ya daɗe," in ji Hajiya Nafisat.

"To."

Aka ba Ɗayyabu kofi da takardar shaida mai hatimi, aka ɗauki hoto, aka raba lemo da cincin. Kafin Sharhabil ya gama naɗe wayoyin majigi, kujerun baya sun zama wayam. Darakta ya aiko a kira shi ofis. Ya ce masa ya daɗe yana lura da shi, yaro ne mai hankali wanda ya san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Ya tona tarin da ke gabansa, ya zaro fayil mai koriyar igiya daga can ƙasa, ya kaɗe shi, ya ɗora a saman tarin. Bai buɗe ba, bai sa hannu ba, ya dai ɗora a sama. Sharhabil ya yi godiya har da rusunawa. Ya kai bakin ƙofa Darakta ya sake kiransa, ya rage murya, ya ce wannan na ɗari huɗu da goma sha ukun, abarbar a cikin ƙanƙara take zuwa, ko ya san yadda ake fasa ta? Sharhabil ya ce zai bincika, ranka ya daɗe.

A keke napep ya shirya jawabinsa tsaf. Zai ce aikin kwamiti ne, mutum ɗaya ba ya juya shi. Zai ce manya ba su cika gane irin wannan barkwancin mai zurfi ba, baɗi kuma za a gyara tsarin. Ya so ya zaga ta bayan layi, amma babu hanyar shiga gidansa da ba ta bi ta ƙofar shagon Harira ba. Rana ta yi sanyi, ana shirin kiran magariba. Tana zaune ta shimfiɗa atamfa a kan tebur tana yanka. Ya yi sallama daga bakin ƙofa, suka gaisa, ta yi masa ya gajiya. Ya fara da cewa wato shi aikin kwamiti, sai ta ce ba komai, Baban Ilham ya riga ya bugo daga Funtuwa, ta gaya masa gwamnati ba ta yi dariya ba. Ba ta faɗa da fushi ba, almakashinta ma bai tsaya ba. Ya lura gwangwanin madarar nan yana gefenta, an cire robar, an zuba allurai da maɓallai a ciki.

Ya ce shi fa har ga Allah nata ne ya fi, kowa ma ya san haka. Sai ta ajiye almakashin.

"Baban Ahmad, a baya aka zaunar da mu. Daga baya ba a ganin haƙorin kowa, kafaɗa kawai ake gani. Ni kuma shekara goma sha biyar ina auna kafaɗun mutane."

Ta dube shi, ta ci gaba.

"A nawa na ga naka suna rawa, ka danne su. A na mai kwaɗo mun ji muryarka har waje, amma kafaɗun nan da za a ɗora musu kofin shayi ba zai zube ba. Kai ka koya mana karatun, ba ni na ƙirƙira ba." Ta ɗauki almakashin ta gyara atamfar. "Ni ba kofi na je nema ba. Ɗaya kawai nake so. Da ka bar ta ta fito, da na ce masa gwamnati ta yi dariya. Mataki na tara ne, amma ai gwamnati ce."

Aka kira salla, ya ji daɗin samun dalilin tafiya, ya kuma ji kunyar daɗin da ya ji. A gida Bilkisu ta ajiye masa abinci ba ta tambaye shi yadda aka ƙare ba, tunda a gabanta aka yi.

Ranar Asabar da la'asar aka baje tabarma a gindin dalbejiya kamar kullum. Daga zauren su Harira ƙarar keken ɗinki ce kawai take fitowa, ba tsayawa, babu hayaniyar matan da aka saba ji suna gwada wasa suna sake ɗauka. Wani a majalisar ya ce jiya ya kalli wani fim ya yi dariya har cikinsa ya ƙulle, sannan ya yi sauri ya dubi Sharhabil, yana jiran a tambaye shi a wane wuri kuma saboda me. Ba a tambaye shi ba. Sharhabil ya jingina da bishiya ya sunkuyar da kai, wayarsa a kan cinya, babban yatsansa yana kai da komo. Yana mataki na goma sha tara a gem ɗin abarba, kuma Darakta ya ce ranar Litinin yake son amsa.